Iskar da ke Shan Man Doguwa

A Gangaren Aduwa, ƙauyen nan da ke yamma da kwaltar Bici zuwa Kunci, akwai Badaru ladan, akwai Badaru mai kaji, sai kuma Badaru kawai. In ka ji an ce Badaru ba a ƙara komai ba, to direban ake nufi, gajeren nan mai faɗin kafaɗa, wanda ko gaisawa kuke yi sai ka ga hannunsa na dama yana laluben giya a inda babu giya.

Mahaifiyarsa, Inna Tahira, ta sha faɗa cewa autan nata bai fara magana da "Inna" ba, da "buuum" ya fara. Sa'anninsa da ƙafa suke zuwa makarantar allo, shi da baki yake zuwa. Sai ya tada inji a tsakar gida, ya yi ribas a zaure, ya danna ham a ƙofar malam. A aike shi sayen gishiri, sai a tarar da shi a gindin ɗorawa wai yana jiran fasinja ya cika. A ƙasar da gona ke jingine da gona, ko tafin hannu ba a bari ba a shuka ba, yaro irin wannan masifa ne: ka ba shi fartanya, ya mai da ƙotar sitiyari. Da mahaifinsu, Malam Abdulrashid, ya gaji da karya tsumagiya a kansa, sai ya haɗa shi da wani direba a Kano ya ce a je a ƙarasa shi can. Aka kuwa ƙarasa shi. Ya yi shekaru yana jan motocin mutane, ya san ramin kowace hanya kamar shi ya haƙa.

Da Allah ya yi wa Malam Abdulrashid rasuwa, cikin abin da ya faɗo wa 'ya'yansa maza akwai bijiman huɗa, manya, farare, waɗanda in suna tafiya ƙasa ke amsawa. Babban ɗan, Malam Iliyasu, shi ya gaji makarantar allo da gonar gado, mutum ne mai auna magana kamar mai auna hatsi, ba ya ƙara ko ƙwaya. Badaru kuwa buhu yake zazzagewa. Ya zauna wa yayansa a zaure safe da yamma, ya yi ta yi, ya yi ta yi, har Malam Iliyasu ya ce a sayar da bijiman ko kunnensa ya huta. Aka sayo tsohuwar a-kori-kura, ta zama tasu su biyu. Saboda tsawon bodinta Badaru ya raɗa mata suna Doguwa. Inna Tahira ta ɓata rai da sunan nan, amma ranar murna ce, babu wanda ya tambaye ta dalili.

A ranar ne kuma, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, Badaru ya ɗaga wata jarka rawaya, matsakaiciya, ya ce, "Kun ga wannan? In na juye wa Doguwa ita, ta je Dawanau da lodi ta dawo, har a rage na wanke hannu!"

Jama'a suka yi tafi. Malam Iliyasu bai tafa ba, amma ya ji.

Shekaru suka yi ta tafiya, Doguwa na kwasar gyaɗa da wake da riɗi tana kaiwa kasuwa, tana dawowa da taki da siminti da kayan amare. Mai naƙuda ita, mai karaya ita. Sai ga shi an wayi gari an cire tallafin mai. Doguwa kuma ta tsufa, tsufan nan da ke ƙara wa mutum ci. Da can kurɓa take yi, yanzu kwankwaɗa. Badaru ya dawo daga kasuwa da fara'a a fuska, aljihu kuwa kamar an yi masa shara.

Wata Juma'a, ana tsakiyar damina, Malam Iliyasu ya kira shi zaure.

"Badaru, bana ma da shanun aro muka yi huɗa. Sai da kowa ya gama nasa, gerona ya tsaya yana kallon na maƙwabta."

"Yaya Malam, ai yanayi ne. Ƙasar ce gaba ɗaya..."

"Ban kira ka maganar ƙasa ba. Da mota ke ciyar da gida, yanzu gida ke ciyar da mota." Ya miƙa hannu bayan buzu, ya jawo wani abu. Jarkar nan ce rawaya, ta koɗe, amma ita ce. "Ka gane ta?"

Badaru ya dubi jarkar. Ya gane ta.

"In an yanke gero za a tsiyaye tankin ƙaf, a juye mata wannan. A yi mata lodi, ta je Dawanau, ta dawo ƙofar gidan nan. Ba ƙari a hanya, ba hannun ɗan Adam a bayanta. In ta yi, ba ka ƙara jin maganar nan daga bakina. In ta gaza, a sayar da ita a dawo da shanu, ka kama garma."

Garma! Badaru da kansa, a bayan bijimi, yana kallon wutsiya daga hantsi zuwa azahar! Kafin kansa ya gama lissafi, bakinsa ya riga ya ce, "Na yarda." Bakin nan dai shi ne ya saba ja masa.

Ya canza filogi. Ya sa aka wanke kafireta. Ya ƙara wa tayoyi iska. Ta ɗan rage ci, amma ba ta kai ba. Rannan yana zaune a tashar Bici yana latsa waya, sai ga wani bidiyo: wani Bature na tsaye kusa da mota, ana busa mata farin hayaki, hayakin na bin jikinta yana karkacewa. Turancin Badaru na allon hanya ne, amma idonsa na direba ne. Nan take ya gane. Ashe duk gudun da mota ke yi, iska take turewa, kuma turewar nan ita ke cin mai! Ya miƙe tsaye har shayinsa ya zube. A nan ya yi daidai. Inda ya kauce shi ne bidiyo na gaba, na motocin tsere, kowace da fiffike a bayanta, suna wucewa fyuu kamar an harba kibiya. Babu wanda ya gaya masa fiffiken nan danne mota yake yi a ƙasa kada ta tashi a kwana, ba ruwansa da tattalin mai.

Bai zame ko'ina ba sai rumfar Kamaruddeen mai walda, ɗan kawunsa, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Kai bawana, ajiye ƙofar nan. Fiffike za ka yi wa Doguwa."

Kamaru ya ɗage baƙin tabarau ya dube shi sama da ƙasa. "Fiffike. To baki da ƙwai fa, sai mako mai zuwa?"

"Jahili! Sifoila ake ce masa. Duba nan."

"Sifoila." Kamaru ya tauna kalmar. "Badaru, ni a firamare na tsaya, amma na san in Bature ya ce abu ya yi sifoyil, lalacewa ya yi. Sun ma gaya maka a sunan."

"Kai dai kunna wutarka."

Ya kuwa kunna. Da yake lodi ke rufe bayan a-kori-kura, Badaru ya ce a kafa fiffiken a saman kan direba, inda iska za ta gan shi tun daga nesa. Aka fasa durom aka miƙar, aka ɗora a kan rodi, faɗinsa ya fi na motar, fuskarsa a ɗage kamar allon talla. Aka shafa masa jan fenti. Abin ya yi wa Badaru daɗi, ya ce a ƙara 'yan ƙanana a gefe da gefe, a kuma yi mata gemu da robar taya a ƙarƙashin bamba.

Ranar da ya shigo Gangaren Aduwa da ita, gari ya tashi. Mata na leƙe ta saman katanga, tsofaffi suka miƙe daga kan dakali, ana ta ihu, "Jirgi! Jirgi ya sauka!" Fiffiken ya kwashe rumfar mai shayi ya tafi da ita har ƙofar masallaci. Gemun kuwa tun a kunyar farko ya zauna a gona. Badaru ya fito yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Kashegari ya hau kwalta da lodi. Yana takawa sai ya ji wani irin kuka daga sama, wuuu, kamar ana zare wa kura haƙori. Sitiyari ya fara kokawa da shi. Ya danna totur har ƙasa, Doguwa na nishi kamar an ɗaure ta da igiya ta baya. Man da ke dawo da shi kusa da gida, ranar ko Bici bai kawo shi ba, sai da ya tsaya gun 'yan bumburutu, suna ɗura masa suna kallon sama suna dariya.

Ya dawo da la'asar sakaliya, bayan an sha wani ruwa mai iska wanda ya kwantar da darnin gidansu. Ya tsallake zanar da ke kwance, ya zube a tabarma. Matarsa Huseina ta ajiye masa kwano.

"Baban Aina'u, tuwon zai huce."

"Bar shi ya huce. Huseina, na san mai shanye mini mai. Na san ta sarai, na dai rasa yadda zan yi da ita. Iska ce."

Inna Tahira na gefe tana tsinke zogale. Faifan ya suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na faɗa a raina! Tun ranar da ka rasa sunan da za ka sa wa motar nan sai Doguwa, na san za a zo nan. Ka kira mai suna, ga shi ta amsa."

A bakin Inna, iska ba wadda ke kaɗa ganye ba ce kawai. Iska ita ce mutanen ɓoye, masu zama a tsamiya da kuka, Doguwa kuwa babba ce a cikinsu. Badaru gajiya ta hana shi gyara mata, ya ce a ransa gobe ta manta.

Kashegari da sassafe ƙamshi ya tashe shi. Ya fito ya tarar da Inna tana zagaya mota da kaskon garwashi, hayaƙin turare na tashi, tana dab da bakin tanki. Bai san lokacin da ya yi tsalle ɗaya ya fizge kaskon ya yi jifa da shi cikin kwata ba.

"Inna! Fetur ne fa! Gidan za ki tasa!"

"Gara gidan da kai."

"Ba irin wannan iskar nake nufi ba. Iska dai, iska!"

"Na ji, ba sai ka yi ta kama suna ba. Zauna." Ya zauna a kan turmi. "A ina take tare ka?"

Badaru ya yi ajiyar zuciya. "A kan kwalta. In na taka."

"Ta gaba ko ta baya?"

"Ta gaba. Ƙirji take ba ni."

"Kana jin muryarta?"

"Da ba na ji. Tun da na kafa fiffiken nan kuwa, kuka take har cikin kunnena."

Inna ta ɗaga kai ta kalli jan ƙarfen, ta dafe ƙirji. "Wato tare mata hanya ka yi? Da ƙarfe? Kuma ja? Auta, kai wane irin yaro ne? Wa ya gaya maka ana ja da su? Mu yadda muka taso, in ka hango ta taso, raɓewa kake yi, ka sunkuyar da kai, ka yi sallama, ka ba ta hanya ta wuce abinta. Ka tsaya ka buɗe mata ƙirji, ai sai ta kwantar da kai."

Badaru ya buɗe baki zai yi gardama, sai idonsa ya faɗa kan darnin jiya, shimfiɗe a ƙasa, dirkokinsa a sama. Dab da shi ga rumbun Inna a tsaye, kewayayye, jinkarsa mai tsini ko tsinke ɗaya bai tashi ba. Iska ɗaya ta bi ta kansu. Ya dubi darni. Ya dubi rumbu. Ya dubi fiffike.

"Allahu Akbar!" Ya miƙe har turmin ya kife. "A ba ta hanya! Inna, kin gama magana! Ara mini jinkar rumbunki!"

"Jinka kuma? Huseina, fito, abin ya hau kansa."

"Ai babu komai a ciki sai an kawo gero. Wallahi sabuwa zan sa a yi miki!"

Inna ta yi nazarinsa. "Ka ɗauka. Amma ranar tafiyar nan ƙafata ƙafarka. Ba zan bar ka da ita ku kaɗai ba."

Aka raba jinka biyu daga tsini zuwa baki. Aka kwantar da rabi a saman kan direba, tsinin na kallon gaba, bakin ya rungumi goshin lodi, inda da can buhuna ke tsayawa kamar bango. Kamaru ya yanke fiffiken, ya yi maƙalai da rodinsa, yana yi yana waƙar ta'aziyya. Badaru ya cire 'yan fukafukan gefe, ya cire ƙahonin ham da ya jera a sama, da tutoci, da madubin ado, duk abin da ya san zai tsaya wa iska a hanya. Ya gwada sabon lodi: tudu a gaba, yana gangarowa baya. Sannan ya ja tamfol tun daga tsinin jinka har wutsiya, ya ɗaure tamau da roba, babu inda zai yi fal-fal.

Kamaru ya ja da baya ya riƙe ƙugu. "Da jirgi ce. Yanzu kunkuru ne ya sa malafa."

Aka yanke gero, ranar ta zo. Da hantsi rabin gari na ƙofar gida. Malam Iliyasu ya zura kara a tanki ya fito da shi a bushe, ya nuna wa jama'a. Ya yi bisimilla ya juye jarka da hannunsa, ya shiga ya zauna a bakin ƙofa, jarkar a tsakanin ƙafafunsa. Inna a tsakiya, da carbi da lulluɓi. Kamaru ya zo a babur, ya rataya igiya a kafaɗa, wai ko da za a buƙaci ja.

Suna hawa kwalta Inna ta ce, "Rufe gilashi."

"Inna, zafi..."

"Ka ba ta hanya ta waje, ka kuma buɗe mata ɗaki? Rufe. Ka gaya wa yayanka shi ma ya rufe nasa." Malam Iliyasu ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko da kuwa kafaɗarsu na gugar juna.

Aka rufe. Badaru ya fara takawa ke nan, ta dafa masa gwiwa. "Sassauta, ga tsamiya. Salamu alaikum." Ya sassauta. Ya sake ɗagawa. "Ga kuka. Salamu alaikum." To a hanyar nan wace gona ce babu tsamiya ko kuka? Ƙafar Badaru ba ta ƙara kaiwa ƙasa ba. Masu babur na wuce su, wata motar itace ma ta wuce su. Gumi na tsiyaya daga gemun Malam Iliyasu.

"Badaru, ka gaya wa Inna wannan fa babu shi a littafi."

"Ka gaya wa yayanka sallama ba ta taɓa zama laifi ba."

Badaru bai isar da saƙon kowa ba, don kunnensa na wani wuri. Shiru! Babu kukan nan na sama. Sitiyari ya yi laushi kamar an shafa masa man shanu. Ɗan taɓa totur kaɗan, sai Doguwa ta miƙe sumul, kamar mai tafiya a cikin ruwa. Murna ta cika masa ciki, ya rasa inda zai sa ta, ya fara dukan sitiyari yana kirari: "Doguwa ta Badaru! Kunkuru mai malafa!"

"Daina kiran sunan!" in ji Inna.

A Dawanau 'yan dako suka bar aiki suka kewaye su, kowa ya zaro waya yana ɗauka. Wani ya tambaya ko rumbun ma na sayarwa ne. Aka sauke gero. Lodin komawa katifu ne na wani mai shago a ƙauye, marasa nauyi amma masu tsawo, da aka jera su suka kai bakin jinka, bayansu ya tsaya a miƙe kamar katanga. Badaru ya yi ƙorafi an ɓata masa gangaren wutsiya. Malam Iliyasu ya ce lodi lodi ne.

Suka juyo. Suka wuce Bici, inda fiffike ya kunyata shi, Badaru ya ɗaga wa 'yan bumburutu hannu ta cikin gilashi. Suka kama hanyar Kunci. Gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin, irin na bankwanan damina. Can sai Doguwa ta yi tari.

Ta sake yi. Badaru ya fara lallaɓa ta, in an sami ɗan gangare ya sake ta a firi, yana karkaɗa sitiyari ko ɗigon da ya maƙale a lungun tanki ya gangaro. "Haba 'yar albarka. Haba uwar ɗakina. Ga gida can." Ga mararraba. Ya karya kan mota yamma, ya sauka kan burjin ƙauye. Ta yi tari na uku, ta yi shiru.

Ta ci gaba da mirginawa da sauran ƙarfinta, a hankali, a hankali, har gindin babbar tsamiyar bakin gari, inda hanya ke shirin sunkuyawa ta gangara cikin ƙauye. Taku kaɗan ya rage ta kai gangaren. Nan ta tsaya cak.

Daga nan ana hango rufin masallaci, ana hango ƙofar gidansu. Jama'ar da ke jira suka kwaso a guje, samari na naɗe hannun riga. Malam Iliyasu ya buɗe ƙofa ya ɗaga hannu. "Kada wanda ya taɓa ta." Ya faɗa ne a hankali, bai kuma dubi ƙanensa ba. Kamaru ya iso yana kaɗa igiya, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskar Badaru, ya mai da bakinsa ya rufe.

Badaru ya kifa goshi a kan sitiyari. Sitiyarin nan da tafin hannunsa ya cinye wa fata. Ya ga kansa a bayan bijimi. Ya ga wani baƙo na jan Doguwa, yana sa mata giya ba tausayi.

"Auta," in ji Inna, "cire ƙafarka daga birki."

"Inna, ta ƙare."

"Cire, na ce. Yini guda muna ba ta hanya, ba ta gode ba?" Ta leƙa ta gaban Malam Iliyasu, ta dubi tsamiya. "Salamu alaikum."

Ganyen tsamiya ya motsa. Sai karan dawa na gonakin gabas suka sunkuya gaba ɗaya kamar masu ruku'u, sai ga ta ta iso, iskar gaban hadari, da tsinke da ganye da hular wani. Ta daki katangar katifu, dam! Doguwa ta yi ƙara. Ta sake dukanta. Taya ta juya.

"Tana tafiya!" wani ya ƙwala. "Wallahi tana tafiya!"

Badaru ya ɗago, ya cafke sitiyari. Taku ɗaya. Taku biyu. Hancinta ya leƙa gangare, ya sunkuya, sai ta saki jiki! Ba inji, ba ƙara, sai kukan tayoyi a kan tsakuwa da ihun mutane. Samari na gudu gefe da gefe, hannuwansu a sama don kowa ya shaida ba su taɓa ba. Huluna na tashi, riguna sun kumbura, awaki na tsallake kunya. Mata suka saki guɗa daga cikin gidaje. Malam Iliyasu, mai auna magana, ya riƙe ƙofar da bai gama rufewa ba yana ta "Allahu Akbar! Allahu Akbar! Hankali da rumfar mai shayi!" Badaru na dariya, hawaye na zuba, yana danna ham ɗin da ya rage masa. Ya wuce masallaci, ya sha kwanar rijiya, ya tattara ƙarfinsa ya taka birki da ƙafa biyu a ƙofar gida, dab da inda aka juye jarka da safe. Sai ruwa ya ɓarke.

Aka cunkushe a zaure, kowa a jiƙe, kowa na magana. Kamaru, da ya ga abokin faɗansa ya farfaɗo, ya hau kan dakali. "Ban yarda ba! Tura ta aka yi! Kowa ya gani!"

Aka dubi Malam Iliyasu. Ya matse gemunsa, ya juya jarkar a hannu.

"Na ce ba ƙari a hanya. An ƙara?"

"A'a!"

"Na ce ba hannun ɗan Adam. Akwai wanda ya ga hannu?"

"Babu!"

"To magana ta ƙare." Ya miƙa wa Badaru jarkar. "Riƙe abarka. Amma huɗar baɗi kai za ka je aron shanu, tun kafin ruwan fari, kuma a motarka za ka kai wa mai su harawa."

"Yaya Malam, har da dusa!"

Har yau ba a daidaita a Gangaren Aduwa kan abin da ya kawo Doguwa gida ba. Badaru ya rantse jinka ce, in ka ba shi dama zai zana maka hanyar iska a ƙasa da tsinke har sallah ta wuce ka. Malam Iliyasu ya ce tafiyar hankali ce da rufe gilashi, sai kuma abin da Allah ya hukunta. Inna Tahira ba ta shiga gardamar. An yi mata sabuwar jinka, ta ce ta fi tsohuwar.

Ta kan motar kuwa damina ɗaya ta yi ta ruɓe, Kamaru ya ƙera ta ƙarfe a kan fasalinta, yanzu ma direbobin Kunci da Shanono na zuwa rumfarsa a yi musu irinta, yana gaya musu shi ya ƙirƙiro. Badaru ya rasa zamansa na Badaru kawai, ya koma Badaru Jinka, kuma yana amsawa tun kafin a rufe baki. Gilashinsa a rufe yake tafiya, komai zafi. In ya zo wuce babbar tsamiyar bakin gari, sai ka ji inji ya yi ƙasa. Ka tambaye shi, ya ce tattalin mai ne. Amma wanda ya zauna kusa da shi ya ce leɓensa na motsi.